Jar Fitilar Mai: Ihu Bayan Hari

A cikin dukan maganganun da direba zai iya faɗa wa mai mota ta waya, babu mai ɗaci kamar wannan: "Ranka ya daɗe, inji ya buga." Da yawa daga cikin masu karanta wannan wasiƙa sun taɓa jin ta, ko sun zauna kusa da wanda ya ji ta. Malamin jami'ar da ya kwashi adashi ya sayi tsohuwar bas ya sa a layi, da ma'aikacin da ya zuba kuɗin sallamarsa a Hiace 'yar Kwatano, da shugabar makarantar da bas guda ce ke yi mata jigilar yara, da jami'in asibitin da motar ɗaukar majinyatansa ta haura shekara ashirin, duk jirgi ɗaya ne ya kwaso su. Idan aka titsiye direban, amsarsa ba ta sauyawa: "Wallahi mota ba ta nuna komai ba. Fitila ta kawo, kafin in sauka gefen titi inji ya riga ya fara ƙara." Mai mota yakan ɗauka ƙarya ce. Ni kuwa na gaskata direban, kuma gaskiyar tasa ce ke tuhumar mai motar.

Matsayina a wannan batu a fili yake. Duk wanda ya mallaki tsohuwar bas da ke ɗaukar rayukan mutane a doguwar hanya, wajibi ne ya sa mata agogo biyu a gaban direba: ɗaya mai nuna matsin baƙin mai, ɗaya mai nuna zafinsa. Wanda ya iya sayen ƙaho mai kukan jirgin ƙasa, da fitilu masu launi, da labule, da lasifika, sannan ya ce waɗannan agogo biyu almubazzaranci ne, to sakaci ya yi, komai yawan takardun shaidar karatunsa.

Na koyi wannan a motar yayana. Wata ranar Afrilu, tsakanin Azare da Potiskum, basinsa ta tsaya da fasinja cike bayan la'asar, ba a samu motar da ta kwashe su ba sai bayan isha, cikinsu har da mai jego. Da aka sauke injin, tsohon bakaniken da ya buɗe shi ya ɗaga wani ƙarfe da ya cinye har jan gacinsa ya bayyana, ya ce wa yayana: "Alhaji, wannan ciwon ba na yau ba ne, ya yi watanni yana cin motar nan." Daga baya direba ya tuna cewa jar fitilar takan ɗan yi ƙyafta-ƙyafta idan ya tsaya a shingen bincike, amma wani bakanike ya yi maganin abin da mai mai kauri, fitila ta yi shiru, kowa ya koma barci.

Abin da ke riƙe da inji

Kafin a yi gardama, a fahimci aikin. A cikin inji akwai babban ƙarfe mai juyawa wanda fistin ke turawa, kanikawa na kiransa karanshaf. Yana kwance ne a kan wasu siraran ƙarafa masu siffar rabin awarwaro, waɗanda a gareji ake ce wa metal. Lokacin da inji ke aiki lafiya, waɗannan biyun ba sa taɓa juna sam. Tsakaninsu akwai rata ta kusan 0.02 zuwa 0.05 na milimita, ƙasa da kaurin silin gashin kai, kuma famfon mai ne ke cusa baƙin mai cikin wannan rata ba ƙaƙƙautawa. Ƙarfe yana iyo ne a kan mai, yana juyi 3,000 a minti guda a bisa babban titi, wato sau 50 a kowace daƙiƙa. Idan wannan shimfiɗar mai ta yanke, ƙarfe ya gogi ƙarfe a wannan gudun, daƙiƙoƙi kaɗan sun isa su gama da injin.

Matsin mai shi ne shaidar cewa shimfiɗar tana nan. Famfo yana turawa, ƙuncin ratar yana tarewa, daga wannan turereniya matsi ke fitowa. Saboda haka abu uku ne ke saukar da shi: ratar ta faɗaɗa domin metal ya cinye, ko man ya tsinke domin zafi ko rashin inganci, ko famfon bai samu abin da zai tura ba. Tsohuwar bas a ƙasarmu tana fama da dukan ukun a lokaci guda.

Iyakar sanin jar fitila

Jar fitilar nan mai hoton buta ba ta auna komai. Wani ɗan makunni ne a jikin inji, wanda ya san amsa biyu kacal: akwai, ko babu. A yawancin injuna yana kunna fitilar ne idan matsi ya faɗi zuwa wajen psi 3 zuwa 7. Domin a kwatanta, mai faci yana sa wa tayar ƙaramar mota psi 30 zuwa 35. Littattafan gyaran Toyota na injunan Hiace na wancan zamani suna neman matsin da ya kama daga kusan psi 35 zuwa 70 idan inji mai zafi yana juyi 3,000. Kanikawan duniya kuma suna da wani lissafi na a-kai-a-baki: aƙalla psi 10 ga kowane juyi 1,000.

To, mai karatu ya dubi faɗin wannan tazara. Bas tana gudu a hanyar Kano zuwa Maiduguri, tafiyar kusan kilomita 600, injin yana buƙatar psi 35 ko fiye, amma abin da yake samu 12 ne. Metal yana cinyewa a kowane kilomita. Jar fitila ba za ta ce uffan ba, domin a wurinta 12 da 60 duk ɗaya ne. Sai ranar da matsi ya kai ƙasa ƙwarai za ta kawo, a lokacin da direba ke tsakiyar wuce tirela. Wannan shi ne ihu bayan hari. Amurkawa da suka fara maye gurbin agogo da fitila tun wajajen shekarun 1930 sun laƙaba mata suna fitilar wawaye, kuma ba su zalunce ta ba.

Balle kuma a motar da ta yi hannu huɗu kafin ta iso tasharmu, babu tabbacin fitilar ma tana raye. Kwan ya ƙone, ko waya ta tsinke, ko wani mai wayo ya zare ta kafin ya kai motar kasuwa. Duk mai bas ya gwada gobe da safe: ya murza makulli ba tare da tayar da inji ba. Idan butar ba ta kawo ja ba, to ya daɗe yana tafiya da makaho a matsayin ɗan jagora.

Zafin ruwa daban, zafin mai daban

Za a ce ai bas tana da allurar zafi. Haka ne, amma zafin ruwan lagireto take nunawa, kuma ruwa da mai ba hanya ɗaya suke bi ba. Mai yana kwasar zafinsa daga ƙasan fistin da wurin metal, inda ruwa ba ya zuwa. Ana iya samun allurar ruwa tana zaune a tsakiya lafiya lau, alhali mai yana dahuwa. Bugu da ƙari, a motoci da yawa an ƙera allurar ruwan ta yadda za ta tsaya cak a tsakiya a kan faffaɗan zangon zafi, don kada ta riƙa tayar wa direba hankali. Idan ta motsa, abu ya riga ya yi nisa.

Baƙin mai yana aikinsa yadda ya kamata tsakanin digiri 90 zuwa 110 a ma'aunin Salshiyos. Daga 120 zuwa sama, man da aka saba sa wa waɗannan motoci yana tsinkewa, matsi yana sauka, kuma masana sinadaran mai suna lissafin cewa duk ƙarin digiri 10 yana ninka saurin lalacewarsa. A dubi halin da bas ɗinmu ke ciki. A Hiace, inji yana ƙarƙashin kujerun gaba ne, a cikin wani ƙuntataccen akwati. A watan Afrilu da Mayu zafin Sakkwato da Maiduguri yakan haura digiri 40 a inuwa, kwalta kuwa ta fi haka. An ɗora fasinja fiye da kujeru, an ɗaure buhuna a baya har ƙofa ba ta rufuwa. Sannan a ce motar ta kama Hawan Kibo a hanyar Jos, da ƙaramin giya, inji yana kuka, iska ba ta shiga. A nan ne man ke kai wa inda bai kamata ya kai ba, kuma babu wani abu a gaban direba da zai gaya masa.

Agogon zafi yana tona wani asirin kuma. Al'ada ce a garejinmu a cire tamostat a jefar, wai ƙasarmu ƙasar zafi ce. Sakamakon haka, da asubar hunturu inji yakan daɗe bai ɗumama ba, man bai kai zafin da zai kori raɓa da fetur ɗin da suka sulale cikinsa ba, sai ya zama dagwalo. Wanda ya ga allurar mai ta ƙi wuce 60 bayan tafiyar awa guda, zai san an cuce shi, ko da da kyakkyawar niyya aka yi.

Uzuri huɗu da amsoshinsu

Uzuri na farko shi ne na 'yan boko: "Injiniyoyin Japan sun fi mu sani, da ana buƙata da sun sa." Injiniyoyin sun ƙera sabuwar mota ce, mai sabon metal, da za a sa wa man gaskiya a kan lokaci, a ɗora mata nauyin da aka rubuta. Samfurin Hiace da ya cika tashoshinmu kafin zuwan wadda ake kira homa an fara fitar da shi a 1989, homar kanta a 2004. Motar da ta yi shekara ashirin ko talatin ba ita ce wadda ta bar masana'anta ba. Kuma su waɗannan injiniyoyin ne suka sa agogon matsin mai a Land Cruiser, motar da suka san za ta shiga inda babu mai ceto. Manyan janaretocin da ke ofisoshinmu suna kashe kansu idan matsin mai ya faɗi. Ɗalibin da ke koyon tuƙin jirgin sama a kwalejin Zariya, abu na farko da zai duba bayan ya tayar da inji shi ne allurar matsin mai, idan ba ta tashi cikin kusan daƙiƙa 30 ba ya kashe. Ashe duk inda aka ɗauki inji da muhimmanci, auna shi ake yi.

Uzuri na biyu ya fi na farko muni: "Direbobinmu ba su yi karatu ba, ba za su gane ba." Wannan raini ne kawai. Mutumin da ke gane tayar da ta rage iska daga yadda sitiyari ke ja, wanda ke lissafin balas da kuɗin mai da na kamasho a ka ba tare da alƙalami ba, shi ne allura biyu za su gagara? A sa ɗan jan fenti a gilashin agogo a ce masa: idan wannan ta sauka nan ka kashe, idan waccan ta hau nan ka sassauta. Magana ta ƙare. Matsalar da ke akwai ta gaske daga wurin mai mota take. Direban da ya san za a ci mutuncinsa idan balas ya gaza, zai ga allura ta hau ya kau da kai. Duk wanda ya sa agogo, dole ya haɗa da alkawari: ranar da ka tsaya domin allura, ba ni binka balas ɗin wannan rana.

Uzuri na uku yana da ƙamshin gaskiya: "Duk abin da aka ƙara a hanyar mai, wata sabuwar ƙofar yoyo ce." Na yarda. Agogon da aka sa da ganganci yana iya kashe injin da ya zo ceto. Amma wannan hujja ce a kan mugun aiki, kuma maganinsa shi ne a yi aikin daidai, kamar yadda zan bayyana a ƙasa.

Uzuri na huɗu kuɗi ne. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, duk wanda ya je Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna neman injin Beljiyam ya san yadda farashi ya koma. Agogo biyu masu kyau da kuɗin aikinsu ɗan ƙaramin kaso ne na kuɗin inji, ban da kwanakin da mota za ta yi a kan duwatsu ba ta kawo ko kwabo. Tsadar kaya hujja ce ta a sa agogo. Mai arziki ne kaɗai ke da halin yin caca da inji.

Yadda ake aikin ba tare da ɓarna ba

A zaɓi agogon lantarki, wanda sansa ke zaune a jikin inji, waya ce kawai ke shigowa ciki. Akwai wani mai araha da ke jawo man kansa ta siririn bututun roba har gaban direba. Ranar da bututun ya gogi ƙarfe ya fashe, mai mai zafin digiri 100 zai yi feshi a ƙafafun direba, inji kuma ya tsiyaye. Araha ba ta ado.

Kada a cire makunnin jar fitila don a sa sansar agogo a gurbinsa. A bar su su yi aiki tare, domin fitila tana fizgar ido da dare, agogo kuma yana ba da labari tun da wuri. Hanya mafi tsabta ita ce wani faifan alminiyam da ake sawa tsakanin filtar mai da jikin inji, mai ramuka na sansa biyu. Idan kuwa mahaɗi mai baki uku za a ɗaura a ramin makunnin, to kada a rataya masa sansa mai nauyi, domin girgizar inji, musamman na dizal, tana karya tagulla a hankali. A ja ɗan bututu mai sulken ƙarfe a ɗaure sansar a jikin mota.

Akwai wani tarko da ya kama kanikawa da yawa. Zaren ramin injunan Japan yana bin ma'aunin Ingila, mai zare 28 a inci guda. Sansar yawancin agogon kasuwa kuwa tana bin na Amurka, mai zare 27. A ido kamar ɗaya suke, har sansar takan shiga juyi biyu ko uku kafin ta cije. Wanda ya sa ƙarfi ya ɗaure, ya lalata zaren ko ya tsaga ƙarfen. Ɗan mahaɗi na musamman ne maganin wannan, a nace a gan shi da ido kafin a ɗaura. A kuma yi hattara da farin tef ɗin masu famfo: yana iya raba sansa mai waya ɗaya da ƙarfen inji har agogo ya riƙa ƙarya, guntayensa kuma suna iya toshe hanyar mai.

Sansar zafi dole ta kasance inda mai ke gudana ko yake taruwa, wato a faifan filta ko a wurin murfin juye na ƙasan inji. Idan aka sa ta a ƙarshen bututun da mai ba ya zagayawa, za ta riƙa nuna sanyi alhali inji yana ƙuna. A ƙarshe, bayan an gama, a tayar da mota har ta yi zafi, a leƙa ƙasa da tocila, a sake leƙawa bayan tafiyar farko.

Karatun allura

Amfanin agogo yana cikin kwatanci. A makon farko, bayan sabon juye da man da aka amince da shi, mai mota ya zauna kusa da direbansa su rubuta abu uku: matsi idan mota ta yi zafi tana tsaye, matsi a gudun kilomita 80 a babban giya, da zafin mai a wannan gudun. Wannan ita ce lafiyar wannan injin. Da safe matsi zai yi sama domin mai yana da kauri, ya sauko yayin da ya ɗumama, wannan ba ciwo ba ne.

Ciwo yana da alamominsa. Allurar da ke lilo a kan kwana ko idan an taka birki tana cewa mai ya yi ƙasa, famfo yana zuƙar iska. Matsin da ke raguwa kaɗan-kaɗan wata bayan wata yana cewa metal yana tafiya, kuma sauya metal a gareji da rana tsaka ya fi sauya inji bayan kwana a daji. Matsin da ya faɗi washegarin juye yana tuhumar man da aka zuba ko filtar, a ƙasar da ake sayar da mai a gorar ruwa a bakin titi. Zafi ya kai 120, a sassauta ƙafa. Ya doshi 130, a nemi inuwa a tsaya. Matsi ya faɗi gaba ɗaya farat ɗaya, a kashe inji nan take, ko da gari yana hango.

A kuma kiyayi dabarar mai mai kauri. Yana ɗaga allura, amma bai mayar da ƙarfen da ya cinye ba. Agogo ya zo ne domin a san gaskiya, kada a mayar da shi wata sabuwar fitilar da za a rufe wa baki.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mu, masu karatun. Likita ba zai yarda ya duba majinyaci ba tare da awon jini da na zazzaɓi ba. Akanta ba zai sa hannu a lissafin da bai ga alƙalumansa ba. Amma su ne za su miƙa wa direba makullin motar da suka tara shekaru suna tara kuɗinta, a loda mata 'ya'yan mutane, a sake ta a hanyoyin da kowa ya san tsayawa a cikinsu bayan magariba ba wasa ba ne, sannan su ce Allah Ya kiyaye. Amin, Allah Ya kiyaye. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin bas ɗinku ta sake shiga layi, ku murza makulli ku ga ko butar tana kawowa, sannan ku kai ta wurin mai gyaran waya da bakaniken da ya san bambancin zare 27 da 28.